Maganin Inna Ba Ya Kai Wata

Ina shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai a Kano lokacin da ciwon Inna ya fito fili. Ƙauyenmu yana arewa da Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, gida yana hango gida ta saman darni. In mutum ya yi tari a gonarsa, na kusa da shi zai ce masa sannu. A irin wannan wuri muka ɗauko aikin ɓoye ciwo.

Ba mutuwa aka yi mana ba, ba kuma wani tashin hankali ne ya faru a gidan ba. Kawai Inna ta daina barci. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk unguwar an san hannunta, amma sai ga shi tana zuba gyaɗa a kasko ta manta har ta ƙone. Za ta share tsakar gida ta jingine tsintsiya, ta kewaya rumbu, ta dawo ta sake share inda ta share. Ba ta iya zama ta cinye tuwo. Ta ce ƙirjinta kamar an zuba masa tururuwa. Wani lokaci sai kuka, in an tambaye ta ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Ranar da ƙanwata ta ji ta tana cewa da ma Allah ya ɗauke ta kowa ya huta, ranar aka kira ni a waya.

Baba manomi ne, amma yana da karatu, da allonsa da tawadarsa. Ya yi mata rubutu ta sha, ya yi tofi, ya ɗauko wani malami abokinsa ya yi mata ruƙiyya. Da abin ya ƙi, shi da kansa ya ce a haɗa da asibiti. Na gwamnati muka fara zuwa. Muka wuni a layi, aka ba mu rana mai nisa, sannan muna fitowa wani mutum da Baba yake haɗuwa da shi a kasuwa ya taso da fara'a yana gaishe shi, yana leƙen fuskar Inna. Muka hau mota. A motar Baba ya ce mini, “Ki bincika ko akwai na kuɗi. Inda ba a tara jama'a.”

Wata 'yar ɗakinmu a makaranta ce ta yi mini kwatance, ban kuwa gaya mata don wa nake tambaya ba. Gida ne aka mayar asibiti, a wata unguwa ta bakin birni in an wuce Ungogo. Allon da ke ƙofar ƙarami ne, sai ka matso za ka karanta. Daga gidanmu sai mu hau babur zuwa bakin titi, mu jira bas ta cika, mu sauka mu shiga adaidaita sahu. Jiran bas ɗin ya fi komai wahala. Inna ta hau, ta sauka, ta sake hawa, yaron mota yana mita, ni kuma ina riƙe da gefen hijabinta ina kallon ƙasa.

A ciki akwai wata matashiya a bayan gilashi. Ta tambaye ni ko muna da inshora. Na ce a'a, a hankali har sai da ta ce in maimaita.

“To kuɗi hannu ne,” in ji ta. “Na kati daban, na ganin likita daban, na magani daban. Kuma kafin a shiga ake biya.”

Gyaɗar sayarwa Baba ya ɗiba daga ɗakin ajiya ya kai kasuwa. Bayan mun sayi maganin wata ɗaya, abin da ya rage a hannuna kuɗin mota ne kawai.

Likitan dattijo ne mai sanyin murya. Bai kalle ni ba, Inna ya kalla.

“Hajiya, ya jikin?”

“Ban je Makka ba, likita.”

“Allah ya kai ki. Amma sai kin yi barci tukuna, don aikin hajji ba ya yiwuwa da gyangyaɗi.”

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma zama ta yi hira da ni. “Ke” take ce mini, ko “yarinyar nan”. A ɗakin nan na ji mahaifiyata tana faɗin abubuwan da ke cikin ranta, ta juya fuska ga bango, ni ina kallon yatsun ƙafata. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda ake ciwon ƙoda ko na hanta, kuma yana jin magani. Ƙwaya ɗaya kullum bayan isha'i. Ya nanata cewa kada a tsallake, kada a daina don an ji sauƙi, kuma a dawo duk wata. A bas na buɗe 'yar takardar da ke cikin kwalin maganin, na bi ƙananan rubutun nan layi-layi har kaina ya fara juyawa.

Da muka isa gida Baba ya tara mu, ni da Inna da ƙanwata, ya ce, “Duk wanda ya tambaya, hawan jini ne. Likitan hawan jini take gani. Ina da 'ya'ya mata biyu a gidan nan, ba na son a riƙa nuna ƙofata da baki.” Ba wanda ya musa. Ni ma a lokacin gani na yi ya yi daidai.

Maganin ya karɓe ta. Ba nan take ba, amma kafin komawarmu ta biyu tana barci, tana cin abinci, kuma ƙamshin suyar ƙuli ya dawo gidan. Na koma makaranta da ɗan kwanciyar hankali, ina zuwa gida duk Juma'a.

Abin da ba mu lissafa da shi ba, a ƙauyenmu ba a hana magani. Za ka iya hana mutum rance, za ka iya cewa gishirinka ya ƙare, amma in ka sha wani magani ya yi maka aiki, maƙwabcinka mai irin ciwon yana da haƙƙi a cikinsa. Ragowar ƙwayoyin zazzaɓi sukan zaga gida uku kafin su ƙare. In ka hana, mai ciwon ya zo ya kwanta, da sunanka za a riƙa ba da labarin har ka mutu. Hawan jini kuwa, rabin tsofaffin unguwar suna cewa suna da shi.

Gwaggo, yayar Baba, gidanta ne a bayan namu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ita da gaske tana da hawan jini, ga ciwon gwiwa da ke hana ta barci. Ta ga Inna ta murmure, ta ce nata na kemis bai taɓa sa ta runtsa ba, a ɗan sam mata ta gwada. Inna ta ɓalle mata. Gwaggo ta yi barci har hantsi, ko kiran sallar asuba ba ta ji ba, ta tashi tana dafa bango. Amma da aka yi suna a unguwar, a tsakiyar mata ta ba da labarin cewa matar ƙaninta ta samo magani a birni wanda ya fi duk na kemis.

Ban san an yi haka ba. Na zo wata Juma'a, na ɗaga kwanon da Inna take ajiye maganin a ƙarƙashinsa, na tarar ya kusa ƙarewa alhali wata ko rabi bai yi ba.  Abin da ya fara zo mini shi ne ko da gangan take sha da yawa, don na karanta abin da hakan yake yi a takardar nan. Na same ta a madafi da katin maganin a hannuna, na kasa haɗa tambayar.

“Inna... wannan...”

Ta kalli katin ta kau da kai. “Yaya ce ta roƙa. Sai matar mai shayi. Sai tsohuwar gidan liman, ita jikarta ta aiko.”

“Ke kuma fa?”

“Ina sha yau in bar gobe. Ai na ji sauƙi.”

A ranar na lura ta share tsakar gida sau biyu kafin la'asar.

Makon nan ban yi karatun kirki ba. In zauna a laburare in buɗe littafi, in tsinci kaina a bakin ƙofa da waya a kunne ina tambayar ƙanwata ko Inna ta yi barci, ko ta ci abinci, ko wani ya shigo. In koma in zauna, in karanta layin da na riga na karanta. In tashi in tafi ɗaki, ɗakin ya ishe ni, in dawo. Daga ƙarshe na tattara kuɗin abincina da na takardun karatu na tafi asibitin ni kaɗai, ranar komawarmu da saura.

Matashiyar bayan gilashi ta ce ba a ba da wannan magani sai likita ya rubuta, likita kuma ba a ganinsa sai an biya. Na ce magana ce kawai, ba za ta daɗe ba. Ta ce maganar ce ai ake biya. Na biya.

Da na yi wa likita bayani, sai ya cire tabarau ya murza ido.

“Me kuka ce wa mutane take sha?”

“Na hawan jini.”

“To ai kun mai da shi na kowa. Tsohuwar nan mai hawan jinin gaske, wannan magani zai iya taɓa mata zuciya, ko ta tashi da jiri ta faɗi ta karye. Ita kuma mahaifiyarki, in ana sha ana bari, baya za mu koma, kuma dawowar ta fi wuya.” Ya rubuta ƙari, ya ce a samu wani ya riƙe maganin, ba ita ba. Kuɗin da ya rage mini maganin 'yan kwanaki kawai ya saya. Kantin maganinsu ba ya ba da bashi.

Baba ya karɓi riƙon. Ya sa maganin a jakar fatar da yake ajiye littattafansa a zaure, yana ba Inna da hannunsa bayan isha'i. Na ce an huta. Juma'ar da ta biyo baya na tarar ya sake raguwa fiye da ƙima. Na tsaya a ƙofar zaure ina murza gefen hijabi har Baba ya gaji ya yi magana da kansa.

“Nan Yaya ta zo ta zauna. Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina goye a bayanta. In ce mata me? In ce wa Yaya babu, tana kallon jakar?”

“Baba, likita ya ce zai iya cutar da ita.”

“Na ce mata yana da ƙarfi. Ta ce ƙarfin take so.”

Zuwa lokacin gyaɗar sayarwa ta ƙare. Abin da ya rage a ɗakin ajiya iri ne, wanda aka ware don shuka. Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, hadari yana taruwa a gabas da yamma yana watsewa. Da ranar komawa asibiti ta zo, Baba ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe, ya fito da wani kaso na irin ya ɗaura a babur. Bai kalli kowa ba. Inna tana tsaye a ƙofar madafi, ta san abin da aka ɗaura, ta san kuma don wa. A hanya ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, “Ke, in aka cinye irin a kaina, me za a shuka?” 

Aka ba mu hutu a makaranta, na dawo gida, na karɓi maganin daga hannun Baba na sa a jakar littattafaina. Na shirya abin da zan faɗa in an roƙa. Na maimaita shi a raina a bakin rijiya, na gyara, na sake gyarawa. Duk yadda na juya shi, ko dai ƙarya ce, ko kuma abin da Baba ya hana a faɗa.

Kafin ruwa ya sauka mata sukan taru su taya juna ɓarar gyaɗar iri, yau a wannan gida gobe a wancan. Da hannu ake yi, don inji yana fasa ƙwayar. Ranar gidanmu suka zo bayan azahar, aka baza tabarmi a gindin darbejiya. Gwaggo ta zo tana dogara sanda, da matar mai shayi, da wasu maƙwabta. Da ganin tarin gyaɗar Gwaggo ta ce, “Wannan ce duka? Bana ƙanina gonar tsakar gida zai shuka ke nan.” Aka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Tana ɓara tana tashi, ta duba tukunyar da ba komai a kanta, ta dawo.

Can Gwaggo ta juyo gare ni.

“Malama, an ce yanzu ke ce mai kemis ɗin. Kwana biyu gwiwar nan ba ta bar ni na runtsa ba. Ɗauko mini ɗaya.”

Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, “Gwaggo, ya... saura kaɗan ne.”

“Kaɗan ɗin nake so. Buhu na ce ki ba ni?”

“Likita ya ce kada a ba kowa.”

“Likita! Shi ya goyi ubanki?” Ta juya ga matan. “Kun ji abin da ake koya musu a birni. Rowar magani. Jinin nan da ke hawa a jikin uwarta, daban yake da nawa? Ko nata na 'yan gayu ne?”

Matar mai shayi ta ce, “Haba Gwaggo, ki bi ta a hankali, kin ga har hannunta yana rawa.”

“Yo ba dole ya yi rawa ba, hannun da bai saba bayarwa ba.”

Aka sake dariya.  Na san in na tashi na ɗauko, shi ke nan, gobe ma sai na ɗauko, kuma sauran irin da muke ɓara shi ma kasuwa za shi. Na san kuma ba zan iya buɗe baki in faɗi ɗaya maganar ba. Na ci gaba da matsa gyaɗa ɗaya da ta riga ta fashe.

Sai Inna ta zauna sosai, ta karkaɗe ɓawo daga zaninta.

“Yaya, ki ƙyale yarinyar nan. Ba na hawan jini ba ne.”

“Na mene ne?”

“Likitan ƙwaƙwalwa nake gani. Wanda ake kai masu taɓin hankali. Kaina ne ya yi ciwo, shi ya sa kuka ga ina ta shara. Maganin na kai ne, kuma in ban sha kullum ba ciwon dawowa yake.”

Hannuwa suka tsaya. Har kukan kurciya a kan darbejiya sai da na ji. Gwaggo ta buɗe baki, ta rufe, ta tofar da yawu gefe.

“Innalillahi! Maganin mahaukata kika ba ni na sha? Har sau nawa!”

“Ke kika ce ƙarfin kike so.”

“Shi ya sa! Shi ya sa rannan na zuba gishiri a koko!”

Matar mai shayi ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gyale, don ita ma ta sha. Wata maƙwabciya ta ce ta tuna ta bar wake a wuta, ta ja 'yarta suka fita, ba su dawo ba. Sauran suka ci gaba da ɓara, amma hirar ba ta koma yadda take ba. Gwaggo ta yi ta salati ƙasa-ƙasa tana taɓa kanta. Da za ta tafi ta tsaya a kan Inna ta ce, “Da kin faɗa tun farko, wa zai taɓa miki? Ki riƙa sha. Kada ki kuskura ki bari.” Ta fita tana mita a kan ƙaninta da ya zauna yana kallonta tana haɗiya.

Kafin magariba labarin ya gama unguwar. Baba ya ji shi a masallaci. Ya shigo bai yi wa kowa faɗa ba, amma ya yi kwanaki a zaure yake cin abinci, gaisuwa kawai ke haɗa shi da Inna. Wasu gidaje suka daina aiko yara sayen ƙuli. Ƙanwata ta dawo daga islamiyya tana kuka, an tambaye ta ko abin ana gado. Na ba ta ruwa ta wanke fuska.

Ba wanda ya sake roƙon maganin. A watan nan ya kai ranarsa, na gaba ma haka. Ruwa ya sauka, irin da ya rage bai isa gonar ba, Baba ya cike sauran da gero. Ranar komawa asibiti ya fito da babur da sassafe ya ce shi zai kai mu bakin titi, ba sai an kira ɗan acaɓa ba. Ya ɗauki Inna ta tsakiyar unguwa, yana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dawo ya ɗauke ni.

Ana cikin noman farko maƙwabciyar nan da ta ce ta bar wake a wuta ta tare ni a hanyar rijiya. Ta duba gaba ta duba baya. Ta ce ɗanta babba, wanda ya dawo daga ci-rani, wata da watanni ke nan ba ya fita ɗaki, ba ya magana, ba ya wanka sai an yi da gaske. Ta tambaye ni inda asibitin yake, na yi mata kwatance dalla-dalla, daga babur har ƙaramin allon ƙofa. Sannan ta tambayi nawa ake biya. Na faɗa mata na kati, da na ganin likita, da na magani, na ce kuma duk wata ne.

“Duk wata?”

“Duk wata.”

Ta gyara gammo a kanta. Ta ce, “To, Allah ya ƙara wa Innarku lafiya.” Ta ɗauki tulunta ta wuce. Har na koma makaranta ban ji an kai shi ba.